Thomas Hunt Morgan: Malamin da Ya Gano Sirrin Gado a Idon Ƙuda

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk wanda ya shiga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a nan Bauchi lokacin mangwaro, ya san 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu yanyame ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba. Ba mai kula su. Amma a jikin irin wannan ƙuda ne aka fara tabbatar da inda gado yake zaune, wato abin da ke sa ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Thomas Hunt Morgan. Na zaɓi in kawo tarihinsa ne domin mu ɗaliban harshe mun san su Bargery da Abraham, amma ba mu cika leƙa zauren kimiyya ba, alhali gobe mu za a nema mu fassara wa jama'a ita.

Zan yi amfani da kalmomi uku. "Ƙwayar gado" ita ce abin da ke ɗauke da siffa guda, kamar launin ido. "Zaren gado" shi ne abin da masana ke kira kuromosom, wanda ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. "Kundin gado" kuwa shi ne jimlar bayanan gado na halitta gaba ɗaya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Morgan ranar 25 ga Satumba, 1866, a garin Lexington na jihar Kentucky a Amurka. Tun yana yaro yake yawon daji yana tara ƙwan tsuntsaye da duwatsu. Ya gama digirin farko a kwalejin jiharsu a 1886, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins a 1890, inda ya nazarci wasu halittun teku masu kama da gizo-gizo. Daga 1891 ya koyar a kwalejin mata ta Bryn Mawr. A 1904 ya auri Lilian Sampson, wadda ita ma masaniyar halittu ce, kuma a shekarar ya koma Jami'ar Columbia a birnin New York.

Mai Shakka da Ya Sallama

Abin da ya fi burge ni a rayuwar Morgan shi ne, da farko shi ɗan adawa ne. A 1900 aka tono aikin Gregor Mendel, wanda ya nuna cewa siffofi na bin ƙa'idar lissafi daga iyaye zuwa 'ya'ya. Wasu masana suka ce a kan zaren gado waɗannan siffofi suke. Morgan bai yarda ba, har ya soki ra'ayin a rubuce, don a ganinsa babu gamsasshiyar hujja.

Wajen 1908 ya fara kiwon ƙudan 'ya'yan itace a cikin kwalaben madara, yana ciyar da su ayaba. Ƙudan na da sauƙin kiwo: cikin kamar kwana 12 ƙwai ya zama uwa, kuma zaren gadonsa tagwaye huɗu ne kacal. Ya shafe kusan shekara biyu bai ga abin kirki ba. Sai a 1910 ya tsinci namiji guda mai farin ido, alhali jan ido aka san su da shi.

Ya haɗa shi da mace mai jan ido, 'ya'yan suka fito kusan duka da jan ido. Da ya haɗa 'ya'yan da junansu, jikokin suka fito 3,470 masu jan ido, 782 masu fari. Abin mamakin shi ne, masu farin idon nan duk maza ne. Hanya ɗaya ce ta warware wannan: ƙwayar gadon launin ido tana zaune a kan zaren da ke da hannu wajen bambance namiji da mace, wanda ake yi wa laƙabi da X. Mace tana da biyu, namiji ɗaya, shi ya sa in nasa ya samu tangarɗa ba abin da zai rufa masa asiri. Gani ya kori ji. Morgan ya ajiye ra'ayinsa na da, ya zama babban mai kare abin da ya soka. Da wannan ƙa'ida ake bayyana dalilin da ciwon rashin daskarewar jini ya fi kama maza.

Ɗakin Ƙudaje

Ɗan ƙaramin ɗakin bincikensa, mai warin ayaba, ya yi suna da Ɗakin Ƙudaje. A nan ya tara matasa irin su Alfred Sturtevant da Calvin Bridges da Hermann Muller, kowa na da bakin magana. Morgan ya lura cewa zaruruwan gado kan yi musayar gutsattsari, kuma ƙwayoyin da ke kusa da juna ba su cika rabuwa ba. Sturtevant, yana ɗalibin digirin farko, ya yi amfani da wannan ya zana taswirar gado ta farko a duniya, aka buga ta a 1913. Har yau ma'aunin tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin gado sunan Morgan yake ɗauke da shi.

A 1928 ya koma cibiyar Caltech a jihar California. A 1933 aka ba shi lambar Nobel, ya raba kuɗin tsakanin 'ya'yansa da na Bridges da na Sturtevant. Ya rasu ranar 4 ga Disamba, 1945, a garin Pasadena, shekara takwas kafin a gano siffar sinadarin DNA a 1953.

Daga Ƙuda Zuwa Tsutsa

Hanyar da ya share ita ce a ɗauki ƙaramar halitta a fahimci babba. Sydney Brenner ya bi sahu da wata tsutsar ƙasa mai tsawon milimita ɗaya, wadda a 1998 ta zama dabba ta farko da aka karanta kundin gadonta. Na ƙudan Morgan ya biyo baya a 2000, na sauron zazzaɓin cizon sauro a 2002, na ƙudan tsando a 2014, sai na tsutsar makantar rafi a 2016.

Ina ruwanmu da wannan a Bauchi? Da akwai. Sauro na cikin ɗakunanmu, tsando na dajin Yankari, makantar rafi kuwa, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa, ta daɗe tana addabar ƙauyukan bakin kogi a jihar nan. Nazarin gado ya nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gadon sauro na iya sa maganin feshi da na gidan sauro su rage tasiri a kansa. An ba da rahoton haka a Afirka ta Yamma tun 1998. Masu wannan sauyi su ke tsira su hayayyafa, har su rinjayi sauran. Haka kundin gado ke sauyawa a gaban idonmu.

Kammalawa

Darasi biyu na ɗauka daga rayuwar Morgan. Na farko, malamin ƙwarai ba ya jin kunyar sauka daga ra'ayinsa idan hujja ta bayyana, ko da a idon ƙuda ta zo. Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Ma'aikacin lafiyar da zai gaya wa uwa dalilin da sauro ya daina jin magani, ko ya bayyana wa masu shirin aure yadda ake gadon amosanin jini, da Hausa zai yi. In kalmomin ba su zauna ba, saƙon ba zai isa ba. Ga guda uku na ajiye a faifai. Wanda ke da waɗanda suka fi su, filin wannan mujalla a buɗe yake.