Joseph Ayo Babalola: Direban da Ya Zama Mai Addu'a

An haifi Joseph Ayo Babalola a 1904 a Odo-Owa, cikin jihar Kwara ta yau, a gidan masu bi na ikilisiyar Anglika. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya sami aiki a Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnatin Turawa, yana tuƙa motar daɓe hanya.

A watan Oktoba na 1928, yana aiki kusa da Ikeji-Arakeji, motar ta tsaya cak. Babalola ya shaida cewa a nan ne ya ji muryar Ubangiji tana kiransa da sunansa, tana umartarsa ya bar aikin ya shiga wa'azi. Ya ajiye aikin, ya shiga azumi da addu'a, sa'an nan ya koma garinsu da ƙararrawa a hannu yana kiran mutane su tuba.

Mutanen garinsu ba su karɓe shi ba. Aka yi masa duka, aka ce ya taɓu, ikilisiyar da ya girma a ciki ma ta raba hanya da shi. Saurayin da ya rasa albashi da mutunci lokaci ɗaya, da wani ne, da ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi kuwa sai ya ƙara ɗaga murya. Yakan hau duwatsu ya kwana yana kira ga Ubangiji da ƙarfi, sa'o'i masu yawa ba hutawa. Wannan hali ne ya zama alamar hidimarsa har ƙarshen ransa.

Ya haɗa kai da masu bi na Faith Tabernacle, aka yi masa baftisma a Legas a 1929. A watan Yuli na 1930 babbar farkawa ta ɓarke a Oke-Oye, cikin Ilesha. Jama'a suka yi ta kwararowa daga garuruwa masu nisa, da yawa suka kawo layu da gumakansu aka ƙone, marasa lafiya suka shaida warkarwa. Taron ya tayar wa hukuma hankali. A 1932 aka kama shi bisa zargin cewa wa'azinsa ya sa ana kiran waɗansu mutane mayu, aka ɗaure shi wata shida a kurkukun Benin. Da ya fito ya koma bakin aikinsa, ya mai da Efon-Alaaye mazauninsa.

Wata gwajin ta zo daga cikin gida. Wajen 1940 shi da Isaac Akinyele da David Odubanjo suka rabu da Turawan mishan na Apostolic Church a kan shan magani, musamman kwinin. Ba kowane mai bi ne zai yarda da matsayinsu a nan ba, domin magani ma baiwar Allah ce, amma ba don neman abin duniya suka tsaya a kai ba. Daga wannan rabuwa Christ Apostolic Church ta fito, Babalola ya zama babban mai bishararta.

Ya rasu a Ede ran 26 ga Yuli, 1959, yana da shekara 55. Jami'ar da ikilisiyarsa ta kafa a Ikeji-Arakeji, inda motar nan ta tsaya, tana ɗauke da sunansa.