Adolf Ketele, masanin taurari da ya auna jikin ɗan Adam

Duk baligin da ya je likita a Birnin Konni, ko Galmi, ko Illela, aka hau da shi bisa sikeli, aka auna tsawonsa, sa'an nan aka haɗa alkaluman biyu, to, ya gamu da aikin wani mutumin Beljik mai suna Adolf Ketele, wanda ake rubutawa Quetelet da Faransanci. Abin mamaki, shi ba lokotoro ba ne.

An haife shi a birnin Gan ran 22 ga watan Fabrairu 1796. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 7, saboda haka tun yana shekara 17 ya kama koyar da lissafi a lakkol don ya riƙe kansa. A 1819 ya sami babban digiri na lissafi a jami'ar Gan, ya koma Buruksel. Can ya yi ta matsa wa hukuma lamba sai da ta gina gidan binciken taurari, aka naɗa shi shugabansa a 1828.

Masu binciken taurari suna da wata dabara: sukan auna abu guda sau da yawa, su fid da matsakaicin awo, don kuskure ya ragu. Ketele ya ɗauko dabarar nan ya ɗora ta bisa mutane. Ya tattara nauyi da tsawon jarirai, da samari, da tsofaffi, har ya bi lissafin faɗin ƙirjin sojan Sikotlan 5738. A 1832 ya nuna cewa in mutum ya gama girma, nauyinsa yakan bi tsawonsa da aka ninka da kansa. A littafinsa na 1835 ya kawo zancen matsakaicin mutum.

Ga yadda lissafin yake. Manomin da tsawonsa ya kai mita 1,70, nauyinsa kilo 65, sai a ninka 1,70 sau 1,70, a sami 2,89. A raba 65 da 2,89, a sami 22,5. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18,5 zuwa 24,9 nauyi ya yi daidai. Ƙasa da 18,5 rama ce. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce mai jawo hawan jini da ciwon sukari. In manomin nan ya zube lokacin da rumbu ya yi ƙasa, har ya koma nauyin buhun siminti na Malbaza, wato kilo 50, lissafinsa ya zama 17,3: ya shiga rama ke nan. In kuwa ya zama alhajin birni mai kilo 90, ya haura 31, ko da jama'a na ganin tumbin alamar arziki.

Ketele kansa bai yanka waɗannan iyakoki ba. Jama'a gaba ɗaya yake lissafawa, kuma galibi Turawa ya auna. Sai a 1972 wani Ba'amurke, Ansel Kiz, ya raɗa wa awon sunan da ma'aikatan lafiya ke taƙaitawa IMC. Shi ya sa awon yake da gurgunta: bai bambanta tsoka da kitse, har ɗan kokowa mai ƙirar ƙarfi yana iya fitowa cikin masu ƙiba. Ba a hukunta mai ciki da shi, yara kuma awonsu dabam ne.

A 1853 Ketele ya tara taron duniya na farko na masanan ƙididdiga a Buruksel. Bayan shekara 2 ciwon shanyewar jiki ya buge shi, ƙarfinsa ya ragu, amma bai aje alkalami ba. Ya rasu ran 17 ga watan Fabrairu 1874, saura kwana 5 ya cika shekara 78.