Annabi Ayyub (AS): Shekara 18 Babu Mai Leƙo Shi Sai Mutum Biyu

Annabi Ayyub (AS) daga zuriyar Annabi Ibrahim yake. Allah ya ba shi dukiya da 'ya'ya da lafiya, sannan ya jarrabe shi a cikinsu gaba ɗaya. A hadisin Anas bin Malik (RA), wanda Ibnu Hibban da Hakim suka ruwaito, ciwon ya ɗauki shekara 18, na kusa da na nesa duk suka guje shi, in ban da matarsa da wasu 'yan uwansa biyu da ke leƙo shi safe da yamma. Labarin tsutsotsi da jefa shi a juji da ake yawan ja a wajen wa'azi kuwa Isra'iliyyat ne, a bar shi. Abin da ya inganta ya ishe mu.

A ganina, abin da ya fi ciwon zafi daga bakin waɗannan biyun ya fito. Ɗaya ya ce wa ɗaya lallai Ayyub ya yi zunubin da babu wanda ya taɓa yin irinsa, tunda shekara 18 Allah bai yaye masa ba. Irin maganar da har yau ake yi wa kuturu ko mai yoyon fitsari ke nan, wai alhaki ne.

Da maganar ta iso masa, bai karɓi wannan fassara ba. Ya binciki kansa, abin da ya tuna shi ne yakan wuce mutum biyu suna jayayya suna rantsuwa da Allah, sai ya koma gida ya yi musu kaffara, don gudun kada a ambaci Allah a kan ƙarya. Gudun da mutane suka yi masa bai sa ya zaci Ubangijinsa ya guje shi ba. Dubi addu'arsa a Suratul Anbiya, aya ta 83: ya ambaci cutar a taƙaice, ya siffanta Allah da mafi jin ƙan masu jin ƙai, ko waraka bai roƙa ƙarara ba.

Matarsa ce ke riƙe hannunsa idan ya fita biyan buƙata. Wata rana ya daɗe bai dawo ba, ashe an yi masa wahayi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Da ya nufo ta ba ta gane shi ba. Ta tambaye shi ko ya ga Annabin Allah mai jinya, har tana cewa ba ta taɓa ganin mai kama da shi lokacin da yake da lafiya ba kamar wannan baƙon. Sai ya shaida mata shi ne.