Robert FitzRoy (1805–1865) da Mafarin Hasashen Yanayi Domin Masu Jiragen Ruwa

Robert FitzRoy sojan ruwa ne, mutumin ƙasar Ingila. Galibin littattafan tarihi ba sa ambatonsa sai a matsayin kyaftin ɗin jirgin da ya zagaya duniya da masanin halittun nan Charles Darwin. Wannan kuwa tauye masa haƙƙi ne, domin babban aikinsa ya zo ne a shekaru 11 na ƙarshen rayuwarsa, sa'ad da ya ɗora wa kansa nauyin sanar da matuƙa jiragen ruwa da masunta cewa guguwa na tafe tun kafin ta iso. Hasashen yanayin da masu jirage ke saurara a rediyo daga wannan aiki ya samo asali, ko da yake shi kansa ya rasu kimanin shekaru 30 kafin a ƙirƙiro rediyon.

Haihuwarsa da Shigarsa Aikin Teku

An haife shi ranar 5 ga Yuli, 1805, a lardin Suffolk, a gidan sarauta da dukiya. Ta wajen uba jinin Sarki Charles na Biyu ne, kakansa kuma ya taɓa riƙe muƙamin firayim minista. Kawunsa, Lord Castlereagh, shi ne ministan harkokin waje na Birtaniya, wanda ya kashe kansa a 1822, lamarin da ya tsaya wa FitzRoy a rai har ƙarshen kwanansa. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi kwalejin sojan ruwa ta Portsmouth, a 1824 kuma ya ci jarrabawar zama laftana ba tare da ya faɗi ko maki ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba kafinsa.

A 1828 aka damƙa masa jirgin Beagle, wanda ke aikin auna gaɓar teku da zana taswira a ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu. Kyaftin ɗin da ya gada, Pringle Stokes, harbe kansa ya yi saboda kaɗaici da wuyar wannan yanki mai sanyi da yawan hadari. Ba a jima ba teku ta koya wa sabon kyaftin darasi mai ɗaci. A farkon 1829, kusa da bakin kogin Plata, barometar jirgin ta yi ƙasa. Barometa na'ura ce mai auna nauyin iska ta hanyar zaibar da ke cikin bututun gilashi, kuma saukar zaibar da sauri alama ce ta cewa guguwa ta kusa. FitzRoy bai yi hanzarin sa a naɗe filafilan jirgin ba. Iska ta auko musu, jirgin ya kwanta har ya kusa kifewa, ma'aikata 2 suka faɗa ruwa suka halaka. Daga wannan rana bai sake yi wa barometa riƙon sakainar kashi ba.

Tafiya ta biyu ta jirgin Beagle ta fara ne a ƙarshen Disamba, 1831, ta ƙare a Oktoba, 1836. Tsoron kada abin da ya sami Stokes da kawunsa ya same shi yana cikin dalilan da suka sa FitzRoy ya nemi mai ilimi wanda zai riƙa cin abinci da hira da shi, aka kuwa haɗa shi da Darwin, saurayi ɗan shekara 22. A wannan tafiya ya yi aiki da ma'aunin ƙarfin iska na Francis Beaufort, wanda ya kasa iska mataki-mataki daga 0 zuwa 12, kuma da shi ake faɗin ƙarfin iska ga masu jirage har gobe. Taswirorin da ya zana sun yi ingancin da aka daɗe ana dogaro da su.

Bayan dawowarsa ya taɓa siyasa, ya shiga majalisar dokoki a 1841, sannan a 1843 aka naɗa shi gwamnan Niyu Zilan. A can ya ƙi goyon bayan Turawa 'yan kama-wuri-zauna a rikicinsu na ƙasa da 'yan asalin wurin, wato Mawori, don ya ga su ne ba su da gaskiya. Suka yi ta kai ƙararsa Landan har aka tuɓe shi a 1845.

Ofishin Yanayi da Guguwar 1859

A 1854 gwamnati ta buɗe wani ɗan ƙaramin sashe a Ma'aikatar Ciniki don tattara bayanan iska da igiyar ruwa daga kundayen jirage, ta ba FitzRoy shugabancinsa da ma'aikata 3 kacal. Wannan sashe ne ya zama Ofishin Yanayi na Birtaniya. Aikin da aka yanka masa na ƙididdiga ne, wato ya tara abin da ya riga ya faru domin a gane hanyoyin da suka fi sauri ga jiragen fatauci. Shi kuwa hankalinsa na kan rayuka. Ya sa aka ƙera barometoci masu ƙwari, aka riƙa ba da aronsu ga ƙauyukan masunta, a kafa a bango a bakin tasha inda kowa zai duba kafin ya tura kwalekwalensa, tare da ɗan littafin da ke bayyana yadda ake karanta su. Wasu daga cikinsu na nan a kafe a tsofaffin tasoshin Birtaniya.

Abin da ya juya al'amarin shi ne guguwar daren 25 zuwa wayewar garin 26 ga Oktoba, 1859. Jirgin Royal Charter ya taso daga Melbon ta ƙasar Ostireliya, ɗauke da fasinjoji waɗanda da yawansu masu haƙar zinariya ne da ke komawa gida da abin da suka samo. Saura 'yan sa'o'i ya isa Libaful iska ta tsinke masa anga, ta fyaɗa shi a kan duwatsun tsibirin Anglesey, mutanen gaɓa suna gani. Kimanin mutum 450 suka mutu a jirgin nan kaɗai, guguwar kuma ta nutsar da jirage 133 a kewayen ƙasar.

FitzRoy ya tattaro rahotanni daga jirage da tasoshi, ya zana taswirorin da ke nuna inda guguwar take sa'a bayan sa'a. Sai ga shi a fili cewa ba faɗowa ta yi daga sama a lokaci guda ba. Ta shigo ne ta kudu maso yamma, ta yi ta tafiya arewa, har ta ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta kai inda jirgin yake. Wayar tangaraho kuwa, wadda a lokacin ta riga ta haɗa manyan garuruwan gaɓa, ta fi kowace iska sauri. Ashe ke nan ana iya riga guguwa isa tasha.

Da ya sami izini, sai ya kafa tasoshin lura fiye da 10 a gaɓar teku, waɗanda tun daga 1860 suke aiko masa da awon barometa da ƙarfin iska da inda ta fuskanto kowace safiya ta waya. A Fabrairu, 1861, ya aika da gargaɗin guguwa na farko. Da yake ba a iya kai wa jirgi magana, da alama ake faɗakar da shi. A kan dogon sanda a bakin tasha ake rataya wata alama ta tamfol mai siffar mazurari. In tsininta ya dubi sama, guguwa daga arewa za ta zo, in ya dubi ƙasa, daga kudu. Wata mai siffar ganga kuma na nuna iska mai haɗari da za ta riƙa sauya fuska. Da dare fitilu ake jerawa su ba da siffar. Ranar 1 ga Agusta ta wannan shekara jaridar The Times ta fara buga hasashensa na yanayi don kowa da kowa, wannan kuwa bisa raɗin kansa ya yi, ba wanda ya umurce shi.

Suka da Rasuwa

Masunta da iyalansu sun karɓi alamun da hannu biyu. Masu jiragen kamun kifi kuwa, waɗanda ke zaune a tudu, sun ji haushi, domin duk ranar da aka ɗaga alama ma'aikatansu suka ƙi fita, asara ce gare su, balle in guguwar ba ta zo ba. Jaridu suka mai da kuskurensa abin dariya. Wasu manyan masana kimiyya suka ga abin ya yi kama da duba, tun da ba a gano ƙa'idojin da ke tafiyar da yanayi ba tukuna. Sukar ba ta rasa tushe ba, don da tasoshi ƙalilan, ba ko ɗaya a cikin tekun Atlantika inda yawancin guguwar ke fitowa, dole hasashen ya riƙa kuskure. Sai dai awon bai yi adalci ba. Gargaɗin da bai tabbata ba kowa na ganinsa, amma masuncin da ya kwana a gida saboda alama, ya tsira, ba ya shiga lissafin kowa.

FitzRoy ya yi ta mai da martani, ya kuma wallafa littafinsa kan yanayi a 1863. Ga aiki ba hutu, ga jinsa da ya fara raguwa, ga dukiyarsa da ya ƙarar a hidimar jama'a, ga kuma damuwar cewa jirginsa ne ya yi sanadin ra'ayin Darwin game da asalin halittu, wanda ya saɓa wa imaninsa na Kirista. Ciwon baƙin cikin da ya daɗe yana gudu ya ci ƙarfinsa. Ranar 30 ga Afrilu, 1865, ya kashe kansa a gidansa da ke Norwood, kudu da Landan, yana da shekara 59. Ya bar iyalinsa cikin rashi, sai da abokai suka yi karo-karo, har da Darwin, Sarauniya Biktoriya kuma ta ba matarsa masauki a fadar Hampton Court.

A 1866 wani kwamiti ƙarƙashin Francis Galton ya soki aikin nasa, aka dakatar da gargaɗin guguwa. Kukan masunta da matuƙa ya sa ba a daɗe ba aka dawo da shi. Hasashen da ake bugawa a jarida kuwa sai 1879 ya dawo.

Giɓin da Rediyo Ya Cike

Tsarin FitzRoy yana da rauni guda wanda ba shi da maganinsa a zamaninsa: gargaɗin a bakin gaɓa yake tsayawa. Jirgin da ya yi nisa har ya daina hango sandan tasha ya koma ga barometarsa da idon kyaftin. Wayar iska ce ta warware wannan. A 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo tekun Atlantika, a 1911 Ofishin Yanayi ya fara aika wa jirage gargaɗi ta wayar iska, a 1925 kuma gidan rediyon BBC ya fara karanta hasashen masu jirage. Ana karanta shi ne bisa tsari guda da ba ya sauyawa: gargaɗin guguwa da farko, sannan yankunan teku ɗaya bayan ɗaya, a faɗi fuskar iska da ƙarfinta da yanayin sama da nisan gani, ta yadda ko rediyo na shashsheƙa mai saurare zai tsinci nasa.

Saboda haka zaɓen rediyo ya zama wani ɓangare na shirin tafiya, kuma nisan da jirgi zai yi shi ke yanke hukunci. Shekaru da dama masu ƙananan jirage a Birtaniya ba sa sayen rediyon da ba shi da dogon zango, domin a nan BBC ta riƙa watsa hasashen, kuma dogon zango na bin doron ruwa har ɗaruruwan kilomitoci. Mai zirga-zirga kusa da gaɓa rediyon VHF yake riƙewa, wanda masu gadin gaɓa ke karanta hasashe a kansa a lokuta sanannu bayan sun yi sanarwa a layi na 16, amma ba ya wuce 'yan gomiyoyin kilomitoci. Wanda zai ƙara nisa yakan haɗa da na'urar NAVTEX, mai karɓar gargaɗi a rubuce a kan kilohaz 518 ko matuƙi na barci. Mai tsallaka babbar teku kuwa sai gajeren zango ko tauraron ɗan'adam. Wayar salula ba abin dogaro ba ce a nan, don da an yi nisa da tudu take rasa layi.

Yankunan tekun da ake jerawa a hasashen na Birtaniya 31 ne. A Fabrairu, 2002, aka sauya sunan ɗaya daga cikinsu, Finisterre, wanda ke arewa maso yamma da ƙasar Sifen, don kada a riƙa rikita shi da wani yanki mai wannan suna a hasashen Sifaniyawa. Sunan da aka raɗa masa shi ne FitzRoy.