Ɗan Hausa (1876–1945) da Makomar Hotunan Zamaninsa

An haifi Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876. Ya fara shigowa Arewa a 1901 cikin 'yan mishan, amma bai daɗe ba ya ajiye wannan aiki, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka a 1903, aka tura shi Barno.

Tafiyar da ta fito da sunansa ita ce ta 1906. Ya taso daga Tarabulus da ayarin raƙuma, cikinsa har da alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta, ya bi ta Murzuk da Bilma har ya iso Barno. Labarin tafiyar ya fito a 1910 cikin littafinsa mai suna Across the Sahara, haɗe da hotuna. A 1909 ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Daga baya ya koma Landan, ya ci gaba da aiki kan ilimin ƙasashen Afirka. Ya mutu a 1945. Gidan da ya zauna a Kano yau gidan tarihi ne, kuma da laƙabinsa ake kiran gidan.

Hotunan wancan zamani su ne suka fi ɗaure wa manazarta kai: na wane ne? Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare hoto na tsawon shekara 50 bayan fitar da shi ga jama'a. Bisa wannan ma'auni, hoton da aka buga a 1910 ya daɗe da zama na kowa. Ko da wa'adin hoto bai cika ba, dokar ta yarda a yi amfani da shi bisa adalci don nazari ko sharhi ko bincike wanda ba na kasuwanci ba. Saboda haka malamin tarihi a wata sakandare a Ɗambatta, idan ya kwafi hoton wancan ayari ya nuna wa ɗalibansa, bai taka doka ba.

A ganina, ƙullin yana wani wuri dabam. Da yawa daga ainihin hotunan zamanin Turawa suna ajiye ne a ma'adanan Turai, inda sau da yawa sai an biya kafin a sami kwafi mai kyau, ko da haƙƙin mallakar ya ƙare. Sannan doka mai ɗaukar hoto take kira mai shi. Madugai da raƙumai da 'yantattun bayin da suka tsaya gaban kyamara ba su da kaso a ciki, kuma jikokinsu na iya kallon hoton a aji ba tare da sun gane kakansu ba.