Ibn Battuta: Malamin Da Ya Ga Ƙasar Indiya Da Idonsa

Duk wanda ya zaga unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi da yamma, ko ya ratsa ta kasuwar Tarauni, da wuya ya wuce shago uku bai ji waƙar Indiya tana tashi ba. Yara sun haddace sunayen 'yan wasansu, manya kuwa suna ba da labarin finafinan da suka kalla a silimun Kano tun suna samari. Wasu kuma sun san Indiya ne ta bakin wani ɗan'uwa da ya tafi neman magani ko karatu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa shekaru kusan 700 da suka wuce wani ɗan Afirka ya je ƙasar nan bisa doki da raƙumi, ya zauna a cikinta, ya dawo ya ba da labarinta. Sunansa Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda duniya ta fi sani da Ibn Battuta.

An haife shi a garin Tanja na ƙasar Maroko a shekarar 1304. Gidansu gidan alƙalai ne, saboda haka tun yana yaro ya yi karatun Alƙur'ani da fiƙihun Malikiyya, irin wanda ake karantarwa a zaurukan malamanmu. A shekarar 1325, yana ɗan shekara 21, ya yi sallama da iyayensa ya nufi aikin hajji shi kaɗai. Ashe rabuwar ke nan, domin bai sake ganinsu ba. A Iskandariya ya gamu da wani shehi mai suna Burhanuddin, wanda ya lura da son tafiyarsa, ya kuwa ba shi saƙon gaisuwa zuwa ga wasu malamai a Indiya da Sin. Tun daga ranar nan zuciyarsa ta raja'a a kan gabas.

Bayan ya sauke farali, sai ya bi ta Iraƙi da Farisa da gaɓar gabashin Afirka da ƙasar Turkiyya, har ya kai Bukhara da Samarƙandu. Ko'ina ya je sai ya ji labarin Sarkin Delhi, Muhammadu ɗan Tughluƙ, wanda ya shahara wajen yi wa baƙin malamai kyauta mai tsoka. Ya ƙetare duwatsun Hindu Kush masu tsananin sanyi, ya sauko bakin kogin Sindu, ya shiga birnin Delhi a shekarar 1334.

Abin da ya bambanta Ibn Battuta da sauran matafiya shi ne lura. Ya ga karkanda a dajin bakin kogi. Ya ɗanɗani mangwaro, ya bayyana yadda mutanen ƙasar ke jiƙa ɗanyensa cikin gishiri su ci da abinci. Ya ga yadda ake tarbar baƙo da ganyen tambul, kamar yadda mu muke ba da goro. Ya yi mamakin hasumiyar babban masallacin Delhi, wadda har yanzu tana nan tsaye. Abin da ya fi ƙayatar da shi kuwa shi ne tsarin aika wasiƙu. An jera 'yan gudu a kan hanya, kowanne da sanda mai ƙararrawa, wannan ya ruga ya miƙa wa wancan. Ta haka saƙo yake cin tafiyar kwana 50 a cikin kwana biyar. Bai kuma ɓoye abin da ya tayar masa da hankali ba, domin ya ga an ƙona mata tare da mutuwar mazajensu bisa wata tsohuwar al'ada, har ya kusa faɗowa daga kan dokinsa don firgita.

Sarki ya naɗa shi alƙali a Delhi, ya yanka masa albashin dinari 12,000 a shekara. A nan ya kamata mu ɗalibai mu tsaya mu yi tunani. Mutumin nan ba ɗan sarki ba ne, ba kuma attajiri ba ne. Larabci da fiƙihun da ya karanta a gida su ne guzurinsa, su ne suka buɗe masa ƙofofin fada a ƙasar da ba shi da kowa.

Amma fa zama kusa da sarki kamar jin ɗumin wuta ne. Ibn Battuta ya saki hannu wajen kashe kuɗi har bashi ya kai masa dinari 55,000, sai da ya tsara wa Sarki waƙar yabo don ya agaza masa. Sarkin kuwa, duk da kyautarsa, mai saurin zubar da jini ne. Wata rana ya kama wani shehi mai suna Shihabuddin, wanda ya ƙi yi masa aiki. Da aka gano Ibn Battuta ya taɓa ziyartar shehin, sai aka sa masa masu gadi har kwana tara. Ya yi ta azumi da karatun Alƙur'ani yana jiran ajalinsa. Aka kashe shehin, shi kuwa Allah ya kuɓutar da shi. Daga nan ya rabar da dukiyarsa, ya koma wurin wani mai gudun duniya ya zauna wata biyar.

A shekarar 1341 Sarki ya kira shi ya naɗa shi jakada zuwa ƙasar Sin, da kyaututtuka masu yawa, har da dawaki 100. Ba su yi nisa da Delhi ba 'yan tawaye suka kama shi suka kwashe kayansa, da ƙyar ya tsira da ransa. Ya sake haɗuwa da ayarinsa, suka gangara gaɓar Malabar, ƙasar masoro da kwakwa, har birnin Kalikut. Aka loda kaya a jiragen ruwa, shi kuwa ya tsaya a gari don ya yi sallar Juma'a. Sai guguwa ta taso ta farfasa jirgin da ke ɗauke da kyaututtukan Sarki, ƙaramin jirgin da kayansa suke ciki kuma ya tafi ya bar shi. Alƙalin Delhi ya wayi gari ba shi da komai sai shimfiɗa guda da dinari goma.

Tsoron Sarki ya hana shi komawa Delhi. Ya ƙetara tsibiran Maldif, inda aka sake naɗa shi alƙali. Ya hau dutsen nan na Sarandib, watau Siri Lanka ta yau, wanda Musulmi ke dangantawa da sawun Annabi Adamu. Ya bi ta Bangal da Sumatra zuwa Sin. Sai a shekarar 1349 ya koma Maroko, ya tarar iyayensa duka sun rasu.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da mu. A shekarar 1352 ya ƙetaro Sahara zuwa Mali, ya ga Tumbutu da Gawo, sa'an nan a 1353 ya sauka Takadda, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Bai ƙaraso Kano ba, inda Ali Yaji yake sarauta a lokacin, amma ya ambaci cewa ana kai tagullar Takadda zuwa Barno da wata ƙasa da masana suka ce Gobir ce. Ya kuma lura da wani abin ban sha'awa. Wurin da ya gani ana sayar da 400,000 a kan dinari ɗaya a Maldif, shi ne ya tarar ana ba da 1,150 a dinari a Mali da Gawo. Ashe irin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, asalinsa daga tekun Indiya ne.

Sarkin Maroko Abu Inan ya sa wani marubuci, Ibn Juzayyi, ya rubuta labarin daga bakinsa, aka gama littafin a 1355, shi ne ake kira Rihla. Wasu mutanen Fas sun ƙaryata shi, don abin da ya faɗa game da Indiya ya fi ƙarfin hankalinsu, amma yau masana tarihin Indiya da kansu suna dogara da shi. Ya rasu wajen shekarar 1369.

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, gani kuma ya kori ji. Dinari da dawakin da Indiya ta ba Ibn Battuta duk sun tafi, abin da ya gani ya sa aka rubuta shi ne ya wanzu. Wataƙila wani daga cikinmu zai tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya isa Delhi cikin kwana ɗaya. In Allah ya nufe ka da haka, ka tafi da karatunka, ka buɗe idonka, ka dawo mana da labari a rubuce. Allah ya jiƙan Ibn Battuta, amin.