Sarkin Haɗeja Muhammadu Mai Shahada (1885–1906)

A zamanin da Jahun take gabashin ƙasar Kano, kakanninmu sun san dawakin Haɗeja, kuma ba kullum ne suka san su da alheri ba, musamman a zamanin Sarki Buhari. Amma gabar jiya ba ta hana a faɗi gaskiya game da maƙwabci, domin a ƙasar da ake kira Jihar Jigawa a yau da wuya a sami jagoran yaƙin da ya tsaya tare da mutanensa irin tsayuwar Sarki Muhammadu.

Shi Muhammadu ɗan Sarki Haru Babba ne, jikan Sambo Digimsa wanda ya kafa mulkin Fulani a Haɗeja. Ya tashi a gidan da hawan doki da riƙon mashi suke cikin tarbiyyar ɗan sarki, ya kuma gaji mahaifinsa a shekarar 1885. Ya yi shekaru ashirin da ɗaya bisa gadon sarauta, yana tsaron iyakokinsa da rundunar mahaya wadda sunanta ya kai nesa.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Haɗeja ba ta yi yaƙi da su ba a lokacin. An yi zaman lallami, har suka kafa bariki a wajen gari, amma zukata ba su kwanta ba. Bayan tarzomar Satiru a watan Fabrairu na 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura kada a bar wata masarauta da ke ɗaga kai. Sai ya tura Kanar Lowry Cole da ɗaruruwan sojoji da igwa da bindigogi masu ruwan harsashi. A ƙarshen watan Afrilu suka iso, suka aika wa Sarki da sharuɗɗan miƙa wuya. Sarki ya ƙi.

A nan ne halinsa ya bayyana. Ya san abin da igwa ta yi a Kano, ya san takobi ba ya kai inda harsashi ke kaiwa. Bai yi hijira ba, bai kuma tura bayinsa su mutu shi yana ɓoye ba. Mahayansa suka yi ta kai sukuwa a kan sojojin, aka gwabza a lunguna da ƙofofin gidaje na tsawon sa'o'i, har faɗan ya koma ƙofar fada. A can Sarki ya faɗi, tare da wasu 'ya'yansa da manyan jarumansa. Daga ranar ake kiransa Mai Shahada. Bayansa aka naɗa Haruna Mai Karamba.

Masana suna iya yin saɓani a kan ko sulhu ya fi, ganin yawan rayukan da suka salwanta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, bai nemi mabiyansa su ɗauki abin da shi bai ɗauka ba. 'Yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, ku ba 'ya'yanku wannan labari, su san cewa shugaba na gari da jama'arsa ake tarar da shi ranar tsanani. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.